Yadda ake sa firiji da janareta su kira ka a waya in sun samu matsala

Ga rubutun shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta kai su saurare ba, da waɗanda suka fi son su karanta a natse, su koma baya in wani wuri ya shige musu duhu.

Maganar yau ta masu sukudireba da mita ce, amma mai ɗakin sanyi na kifi kada ka tashi, ke ma ma'aikaciyar asibiti zauna, don ku ne abin ya fi shafa. Tambayar ita ce: ta yaya na'ura za ta sanar da mutum cewa firiji ya fara ɗumi, ko janareta ya mutu, ko tankin ruwa ya ƙafe, alhali mutumin yana gida yana barci? Ina wannan aikin tsakanin Yelwa, Wara da Shanga, kuma abin da na fi tararwa shi ne na'urar tana nan a bango, an saye ta da tsada, fitilarta tana ci, amma ba ta taɓa kiran kowa ba tun ranar da aka ɗaura ta.

Mu nan muna da wani abin mamaki. An gama madatsar Kainji a 1968, ƙarfin da aka girka mata megawat 760 ne, ruwan tafkin ya ci garuruwa da gonaki har aka sake wa dubban mutane matsuguni. To amma wutar da ruwan nan ke haifarwa ba ta zama da mu yadda ya kamata, ƙauyukan gungu da na bakin ruwa da yawa kuwa sai dai sola da batir da janareta. Ga zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40. Allurar rigakafi tana son zama tsakanin digiri 2 da 8. Jinin da ake ajiyewa don ƙari yana son 2 zuwa 6. Matsalar rigakafi kuma ita ce in ta lalace ba ta wari, ba ta canza kala yadda kowa zai gani. Uwa za ta shigo kwalekwale da jaririnta tun da sassafe, a yi masa allura, a cika kati, ta koma gida da kwanciyar hankali, alhali ruwa kawai aka zuba masa. Kuma ba zafi kaɗai ke kashe ta ba. Allurar fenta da ta ciwon hanta da ta tetanus, in suka daskare sun tashi aiki. Mai kifi shi ko da safe hancinsa zai gaya masa asarar da ya yi.

Na'urar da ke wannan gadin ita muke kira kwantirola. Ƙaramar kwamfuta ce a cikin akwati, tana da wuraren da ake ɗaura mata ma'aunin zafi, da wayar da ke gaya mata ko akwai wuta, ko ƙofa a buɗe take, ko mai ya yi ƙasa a tankin janareta. A manyan gine-ginen Abuja da Legas ita ke kunna na'urar sanyaya ɗaki da famfuna da fitilu a kan lokaci. Tamu ta nan ƙarama ce, amma tunanin ɗaya ne: ta ji, ta auna da iyakar da aka ba ta, in an ƙetare ta yi kira.

In ka shiga jerin saitin irin waɗannan na'urori, musamman tsofaffin da ake shigowa da su na hannu, za ka ga wani shafi an rubuta Pager a kansa. Yara da yawa suna tambayata mene ne wannan. Wasu ba su taɓa jin sunan feja ba sai a watan Satumba na 2024, da aka ji labarin waɗanda suka tarwatse a hannun mutane a Labanan. Feja ƙaramar na'ura ce da ake maƙalawa a ƙugu, karɓar saƙo kawai take yi, ba a magana da ita. Likitoci da injiniyoyi a Amurka da Ingila sun daɗe suna amfani da ita. A Japan sai 2019 kamfanin ƙarshe da ke ba jama'a wannan hidima ya daina ta, a Ingila ma a shekarar ne aka umarci asibitocin gwamnati su fara rabuwa da ita. Mu nan ba mu yi zamanin feja sosai ba, daga wayar NITEL mai igiya, ga wanda ma ya samu, sai muka yi tsalle zuwa salula a 2001.

Yadda kwantirola ke kiran feja a da abin sha'awa ne, kuma in ka gane shi ka gane na yau. Akwai modem a tsakaninta da layin tarho. Kwantirola za ta rubuta wa modem umarni da ke farawa da ATDT, sai lambar feja, sai waƙafi uku ko huɗu, sai lambar matsala, sai alamar tsani a ƙarshe. Kowane waƙafi yana nufin dakata na daƙiƙa 2. Dalilin dakatawar shi ne modem ba shi da kunnen gane cewa an ɗauka a can kuma an gama gaisuwa, don haka sai a ƙiyasta masa lokaci. In waƙafin ya yi kaɗan, zai zuba lambobin kafin a fara saurarensa, saƙo ya ɓace. In ya yi yawa, a can su gaji da jira su kashe. Injiniya yana ganin 0312 a fejarsa ya san gini na 3 ne, matsala ta 12. Wannan yaren na AT kamfanin Hayes ne ya fito da shi a 1981, kuma abin dariyar, modem ɗin sim da za ka saya yau shi yake ji har yanzu. Feja ta tafi, amma yarenta ya zauna. Abin da muke yi yanzu shi ne mu cire modem na tarho mu sa mai sim, saƙon ya zo a matsayin tes. Amma a kula, ba kowace tsohuwar kwantirola ce ta iya aika tes ba. Wadda ta san ATDT kaɗai, iyakarta ta buga maka waya ka ga lambarta, kamar filashin. Ko hakan ma ya fi babu, amma a san abin da aka saya.

To mu zo kan ƙofofin sadarwa, abin da masu aiki ke cewa fot. A jikin kwantirola za ka ga COM1, COM2, wani lokaci har COM3. Kowace ƙofa sai an gaya mata aikinta: wannan ta modem ce, wannan ta kwamfutar mai gyara ce, wannan ta sauran na'urori ce. Kuskuren farko da nake gani shi ne a jona modem a ƙofa ɗaya, a saita wata daban. Duba rubutun da ke jikin ƙarfen, ka duba wanda ke kan allo, ka tabbatar sun zo ɗaya kafin ka zargi komai.

Ƙofofin iri biyu ne aka fi samu. Ta farko RS-232, mai soket ɗin nan mai allura 9. Na'ura biyu kawai take haɗawa, kuma kebur ɗinta bai kamata ya wuce kamar mita 15 ba. A cikin allurai 9 ɗin, uku ne ginshiƙi: ta 2 ta ji ce, ta 3 ta magana ce, ta 5 ta ƙasa ce. Nan ne ake shan wahala, don kebur iri biyu ne kuma daga waje kamarsu ɗaya. Akwai miƙaƙƙe, wanda 2 ke tafiya 2, 3 ke tafiya 3, shi ake sa wa tsakanin kwantirola da modem. Akwai mai gicciye, wanda 2 ke tafiya 3, shi ake sa wa tsakanin kwamfuta da wata na'ura mai hali irin na kwamfuta. In ka sa wanda bai dace ba, ka haɗa baki da baki, kunne da kunne, kowa na magana ba mai ji. Mita tana raba wannan gardamar a minti ɗaya: sa ta a kan ƙara, taɓa allura ta 2 a wannan kai, ka nemi inda ta fito a wancan kai.

Bayan kebur sai saiti guda huɗu da dole su zo ɗaya a ɓangarorin biyu. Na farko sauri, wanda ake kira bod: 9600, 19200, 115200 da makamantansu. Sai yawan ɗigon bayani a kowane harafi, yawanci 8. Sai ɗigon tantancewa, wanda ko dai babu shi, ko na cika, ko na mara. Sai ɗigon tsayawa, 1 ko 2. Shi ne za ka ga an taƙaita an rubuta 9600 8N1. A wannan saitin kowane harafi yana cin ɗigo 10, wato haruffa 960 a daƙiƙa ɗaya, ka ga don saƙon tes wannan ya isa har ya yi yawa. Shi ya sa ni ban ga dalilin gudu ba. Mutane suna son babbar lamba, suna ganin 115200 ya fi burgewa, amma in kebur ya yi tsawo ko ya bi kusa da infata, mai tafiya a hankali ne ke isa lafiya. Alamar sauri bai zo ɗaya ba ita ce ka ga allo ya cika da haruffan banza kamar rubutun aljanu. In kuma ba ka ga komai ba sam, to koma kan kebur.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata in tsaya a kai. Yawancin modem na sim suna zuwa daga kamfani a kan 115200, ko kuma a kan gane sauri da kansu daga umarnin farko da suka ji. Ka saita komai da rana, ya yi aiki, ka karɓi kuɗinka ka tafi. Da dare wuta ta ɗauke ta dawo, modem ya farka ya koma halinsa na asali, kwantirola tana masa magana a 9600 shi yana jira a wani saurin. Maganin shi ne ka jona modem ɗin a kwamfuta tukuna, ka ba shi AT+IPR=9600 don ka ɗaure saurin, sannan ka koma wannan saurin ka ba shi AT&W don ya adana. Bayan haka cire masa wuta gaba ɗaya, ka mayar, ka buga AT. In ya amsa OK, ya riƙe. Wanda bai yi wannan gwajin cire wuta ba bai gama aiki ba.

Ƙofa ta biyu ita ce RS-485. Wannan ita ce ta tafiya mai nisa da taron na'urori. Waya biyu ce a murɗe da juna, A da B, tana iya kai mita 1,200, kuma a ƙa'idar asali na'urori 32 na iya hawa layi ɗaya. Da ita ake haɗa kwantirola da infata, da mitar wuta, da allon janareta, da ma'aunin zafin ɗakin sanyi da ke can bayan gida. Yaren da suka fi yi a kanta Modbus ne, wanda kamfanin Modicon ya fitar a 1979. Tsarinsa kamar aji ne: malami ɗaya ke tambaya, ɗalibi ba ya magana sai an kira lambarsa. Lambobin daga 1 ne zuwa 247, kuma kusan kowace sabuwar na'ura tana zuwa da lamba 1. Ka ɗaura uku ba ka canza ba, an kira 1 duk sun amsa tare, ba a ji ko ɗaya ba. Sannan ƙa'idar Modbus a rubuce ta ce 19200 da tantancewar cika, amma kamfanoni da yawa suna turo kayansu a 9600 babu tantancewa, don haka kada ka ɗauka, buɗe littafin kowace ɗaya.

Jan wayar ma da ladabinsa. Daga na'ura zuwa na'ura ake bi, kamar jerin raƙuma, ba a yi mata rassa kamar bishiya. A kai biyu na ƙarshen layin a sa rasista mai om 120, a tsakiya ba a sa wa. Rigar ƙarfen da ke lulluɓe da kebur a ɗaure ta da ƙasa a kai ɗaya kawai. Kada a kwantar da ita bututu ɗaya da wayar wuta mai nauyi. Wani abin haushi kuma, kamfanoni ba su haɗu a kan wacce ce A wacce ce B ba, abin da wannan ya kira A wancan B yake ce masa. In komai ya yi daidai amma shiru, juya wayoyin biyu, ba abin da zai ƙone. Da damina kuwa, layin da ya fita daga wannan gini zuwa wancan yana jan tsawa, a sa masa abin kariya a bakin shiga, ya fi arha a kan sabuwar kwantirola.

Yanzu modem yana jin kwantirola. Saura shi ya ji duniya. Umarni uku nake fara bugawa. AT+CPIN? in ya ce READY to sim ya zauna kuma ba ya neman lambar sirri. A cire lambar sirrin sim tun a waya kafin a sa shi, in ba haka ba duk ɗaukewar wuta zai tsaya yana jiran wanda zai buga masa. Sai AT+CREG? in amsar ta ƙare da 1 ya hau layi, in 2 ce yana nema, in 3 ce an hana shi. Sai AT+CSQ, wanda ke ba ka ƙarfin sabis daga 0 zuwa 31, in ya ce 99 bai ga komai ba. Ƙasa da 10 ba na yarda da shi, 15 zuwa sama hankali ya kwanta.

A bakin tafki wannan lambar tana da yaudara. Sabis yana tafiya nesa a kan ruwa, wani lokaci turken da ke ba ka yana can ƙetare ta ɓangaren jihar Neja, da safe ka ga ya cika, da yamma ko hadari ya taso ka neme shi ka rasa. Don haka a auna fiye da sau ɗaya, a lokuta daban-daban, kuma a gwada layin kamfani biyu ko uku a wurin kafin a zaɓa. Kada a zaɓi layi don shi mai gida ke riƙewa a Yelwa. Sannan eriya. Sau nawa zan buɗe akwatin ƙarfe in tarar da eriya a ciki an rufe ta, a ƙarƙashin rufin kwano kuma. Ƙarfe yana tare sabis. A fito da ita waje, a ɗaga ta sama, a juya ta wajen da turke yake. Haka adaftar wuta: modem na 2G yana fizgar kusan amfiya 2 a ɗan ƙiftawar da yake aikawa. In ka ba shi ƙaramar caja ta waya, zai zauna lafiya yini guda, amma daidai lokacin da zai aika saƙo sai ya mutu ya sake tashi. Wannan cutar tana wahalar ganewa, don duk lokacin da ka duba za ka ga kamar lafiya lau.

Amma wallahi abin da ya fi kashe waɗannan na'urori a yankinmu ba waya ba ce, ba eriya ba ce, sim ne. Tun Disamba 2020 hukumar sadarwa ta ƙasa ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, a Afrilu 2022 kuma aka fara hana layukan da ba a haɗa ba yin kira. To layin da ke cikin akwati a bango da sunan wa aka yi masa rajista? Na je wani ƙaramin asibiti a gefen Ngaski, na tarar da layin da sunan wani ma'aikaci ne da aka yi wa canjin wurin aiki shekara biyu da suka wuce, ba wanda ya san lambar ma, balle ya sa mata kati. Layin da ya yi watanni ba ya kira ba ya tes ba a sa masa kuɗi, kamfani yana rufe shi, daga baya ya sayar wa wani. Ka ga na'urar da ke zaune lafiya ba ta da ƙorafi ita ce ta fi shiga wannan haɗarin, don ba ta aika komai ba. A rubuta lambar layin da alƙalami mai kauri a cikin murfin akwatin, a rubuta wanda ke da alhakin sa kati da ranar da zai sa. Kati ana iya tura shi daga nesa, ba sai an buɗe akwati ba. Kafin a sa sim ɗin kuma a tura STOP zuwa 2442 don a rage saƙonnin talla, saboda ma'ajiyar sim ƙarama ce, in ta cika umarnin da ka turo wa na'urar ba zai shiga ba.

Lambar wanda za a kira a rubuta ta da +234, a jefar da sifilin farko. Wasu na'urorin suna karɓar ta da sifilin, wasu ba sa karɓa, amma ta +234 ba ta ba ni kunya.

Sai rubutun saƙon kansa, nan akwai abin da ya shafe mu Hausawa kai tsaye. Tes ɗaya yana ɗaukar haruffa 160 in da baƙaƙen Turanci zalla aka rubuta. Da ka sa harafi mai lanƙwasa guda ɗaya, ƙ ko ɗ ko ɓ, sai tsarin ya canza, iyakar ta faɗo zuwa 70. Kwantirola da yawa ma ba su san waɗannan haruffan ba, sai su mayar da su alamar tambaya ko su yanke saƙon. Ni mai son a rubuta Hausa daidai ne, kun sani, amma a nan na sassauta. Rubuta kofa, kowa zai gane ƙofa kake nufi. Saƙon ya faɗi wuri, ya faɗi na'ura, ya faɗi matsala da adadi da lokaci. Misali: DAKIN RIGAKAFI, FIRIJI 2, ZAFI 11, KARFE 02:40. Mutumin da aka tasa daga barci ba ya buƙatar ALARM 07, yana buƙatar ya san ko ya ɗauki makullin janareta ne ko akwatin ƙanƙara. A duba agogon kwantirola ma, in ƙaramin batirinsa ya mutu duk saƙonnin za su zo da kwanan watan da ba a haifi mai karantawa ba.

Yaushe ya kamata ta yi kira? Nan hankali ya fi ilimin waya amfani. In ka ce da zafi ya taɓa 8 a aika saƙo, ranar rigakafi da ake buɗe firiji ana rufewa waya za ta yi ta kuka. Kwana uku ma'aikaciya za ta sa lambar a shiru, ranar da abin gaske ya faru ba mai dubawa. Ƙananan ma'aunan da ke rubuta zafin kwana 30 a firijin rigakafi, bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, suna nuna alamar haɗari in zafi ya wuce 8 na awa 10 a jere, ko in sanyi ya kai rabin digiri ƙasa da sifili na minti 60. Amma wannan alamar shaida ce cewa ɓarna ta yiwu ta riga ta auku. Kai kiran da kake so na ceto ne, don haka naka ya zo da wuri. Ni ina sa jinkirin minti 20 zuwa 30 a kan zafi, na sanyi kuma gajere, don daskarewa ba ta jira. Sannan a bar tazara tsakanin inda ƙararrawa ke tashi da inda take kwanciya. In ta tashi a 8, kada ta ce an warke sai ya sauko 7, in ba haka ba zafi yana rawa a bakin layi tana ta aiko maka ya tashi, ya sauka, ya tashi, har katin ya ƙare. Ga firijin da hukuma ta kawo da nasa na'urar sa ido a jiki, kada a taɓa saitinsa, a yi magana da jami'in kula da sanyin rigakafi na ƙaramar hukuma a tabbatar lambar da ke ciki ta mutumin da ke wurin ce yanzu.

Wa za a kira? Kada a fara da oga. Na san al'adarmu, ana son sunan babba a sama, amma babba yana Birnin Kebbi wajen taro, ko Kontagora, firiji kuma yana Shanga. Na farko a jeri shi ne wanda zai iya isa wurin da ƙafa ko a babur cikin minti goma kuma makulli yana hannunsa, ko da mai gadi ne. In bai amsa ba cikin minti 15 a wuce na biyu, sannan na uku, oga ya zo ƙarshe. In na'urar tana iya buga waya bayan tes, a kunna wannan, don tes ba ya tada mai barcin gajiya, ƙarar kira ce ke tada shi. Waɗanda ke karɓar umarni ta tes kuma suna zuwa da lambar sirri irin 1234 ko 0000. A canza ta, a kuma taƙaita lambobin da take saurara, kada wani yaro ya kashe maka famfo daga ɗakinsa.

Abu biyu game da wuta da waya. Kwantirola da modem dole su kasance a kan batirinsu na kansu. In suna shan wuta ɗaya da firijin da suke gadi, wuta tana ɗaukewa mai gadi da abin gadi sun mutu tare, ba mai kai labari. Wannan ya fi muhimmanci ga firijin sola marasa batir, waɗanda ke tara sanyi a ƙanƙarar jikinsu da rana, don da dare babu wutar da za ka ja daga gare su. Na biyu, wayar ƙararrawa a ɗaura ta yadda a zaman lafiya da'irar a rufe take, matsala ce ke buɗe ta. Amfanin shi ne in ɓera ya ci wayar, ko ta zame daga sukurunta, na'urar za ta ɗauka matsala ce ta kira ka. In ka yi akasin haka, waya ta tsinke tun watan jiya kana zaune kana cewa ai shiru lafiya ce.

Shi ya sa nake dagewa a kan saƙon gaisuwa. A saita na'urar ta aiko tes ɗaya kullum a lokaci ɗaya, misali bakwai na safe: tana nan, zafi kaza, batir kaza. Yana cin ɗan kuɗi, amma yana hana layin mutuwa, kuma ranar da bakwai ta wuce ba ka ji ta ba ka san da magana. Mun ga abin da ya faru a Zamfara a Satumba 2021 da aka rufe sabis gaba ɗaya saboda tsaro. A irin wannan hali duk wata na'ura mai sim ta zama kurma, don haka a haɗa da jiniya ko fitila mai walƙiya a waje inda mai gadi da maƙwabta za su ji, kuma takardar rubuta zafi safe da yamma da hannu kada a daina ta don an sa na'ura.

Ranar miƙa aiki kada a tsaya a danna maɓallin gwaji kawai, don shi yana nuna modem na aiki ne, ba ya nuna ma'auni na aiki. Ciro ma'aunin zafin ka riƙe shi a tafin hannu har jinkirin ya cika, kowa ya fito da wayarsa a gani wa ya samu, a minti na nawa. Na farko ya ƙi amsawa da gangan a ga ko za ta wuce na biyu. Kashe babban makunnin wuta a ga ko saƙon ɗaukewar wuta zai fita a kan batir. Cire waya ɗaya ta ƙararrawa a ga ko za ta yi ƙorafi. Sannan a rubuta saitin kowace ƙofa, da saurinta, da lambar kowace na'ura a takarda a manna a cikin murfin, saboda mai gyaran da zai zo bayanka, wataƙila daga Zamare zai tsallako da jirgi, ba shi da littafin na'urar kuma ba shi da lambarka.

Masu tambaya a kan sanya wa famfon burtsatse na sola irin wannan, ku ajiye sunan infatar da kuke da ita a ƙarƙashin wannan rubutun, da hoton ƙofofin da ke jikinta, don a kansu za mu zauna a shiri na gaba in Allah ya kai mu.